Tef ɗin Marigayi da Talabijin Mai Kifi

Ƙanin mijina ya faɗo falona da sassafe ranar Asabar, da biro uku a aljihun gaba, ya ce yau zai nuna mini yadda masu ilimi suke sayen talabijin. Injiniya ake ce masa, amma ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Wata shekara ce ya kwance fankar ɗakinmu wai zai share mata ƙura, da ya mayar da ita sai ta koma juyawa da baya, tana zuƙe iskar ɗaki tana kai wa sama. Maƙwabta suka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Tun da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, Injiniya ya kwaso wata kujerarsa mai hannu ɗaya ya dasa a tsakiyar falona. Wai gidan da ba namiji mota ce ba direba. A kanta yake zama yana yanke hukunci: wannan labule bai dace ba, wancan ƙwan fitila ya cika haske, kuma har yau a kayan yayansa ba a ba shi ko allura ba. Ni da na shekara ashirin da bakwai ina sayar da robobi a kasuwa, ban taɓa barin ɗan sari ya rabu da ni yana murmushi ba, ni ce wai nake neman direba.

Marigayi tela ne. Keken ɗinkinsa na yi shekara biyu ina gogewa ina hawaye. Da tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙatuwar ƙeya ta mutu, sai na daure na sayar da keken, na ce kuɗinsa su zama sabuwa, irin siririyar nan da ake mannawa a bango kamar hoto. Keke ɗaya ya bari, don haka kuɗin ke nan, babu na biyu. Na kuma yi wa kaina alkawari: ni zan zaɓa da idona, kuma ranar da ta hau bango kujerar Injiniya za ta sauka.

Wurin da nake so shi ne tsakanin taga da ƙofa, daidai inda keken yake a da. Na riga na auna shi da guntuwar igiya, na yi ƙulli a nan, na yi ƙulli a can.

"Matar Yaya, mene ne wannan a hannunki?"

"Awo ne."

"Da igiya? Akuya za mu sayo?"

"Da akuya nake nema ai ba sai na fita daga falon nan ba."

Bai ji wannan ba, ko kuma ya ji ya haɗiye. Ya buɗe akwatin marigayi ba izini, ya zaro tsohon tef ɗin awo. Shi kuwa tef ɗin nan yana da tarihi. Dutsen guga ya taɓa cinye tsakiyarsa, marigayi ya yanke wurin da ya ƙone, wajen taƙi biyu, ya haɗa bakin ya ɗinke da gwaninta yadda ido ba ya gani. Daga ashirin sai talatin da shida. Wuyan riga kaɗai yake aunawa da shi, dogon abu kuwa da wani tef ɗin.

Na ce, "Injiniya, wannan tef ɗin ba a..."

Ya ɗaga mini hannu. "Matar Yaya, lamba ba ta ƙarya. Igiya ce take miƙewa da rana ta tsuke da damina. Ki bar wa masu fanni fanninsu."

Ya shimfiɗa tef daga taga zuwa ƙofa, ya lashi leɓe, ya rubuta a tafin hannunsa. "Inci hamsin da takwas! Wurin nan zai ɗauki mai inci sittin da biyar, domin ita talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna ta. Kin taɓa jin wannan?"

Na cusa igiyata a jaka. Ya rubuta inci dubu ma in ya ga dama, tunda ni zan saya.

A kan matakala ya tsaya ya ƙwanƙwasa wa kowa ƙofa. Direba da matarsa, Mai Wanki da muke haɗa bango da shi, har Mai Aski da ke da shago a ƙasan benenmu, duk ya gayyace su kallon ƙwallo ƙarfe huɗu na yamma. Ya ce su zo su ga ciyawar filin ɗaya bayan ɗaya, har da tururuwar da ke cikinta.

Yanzu bari in faɗi kuskurena, don ni ba na ɓoye gaskiya. Ina da ƙa'ida a ciniki: ba na shiga shago da kuɗi a jikina. Mai kuɗi a jiki fuskarsa tana tona shi, mai shago kuma yana jin ƙamshinsu tun daga ƙofa. 'Yan canji nake sawa a jaka in zazzage a gaban mutum, ya ga iyakar ƙarfina ke nan. Da 'yata nake zuwa ta riƙe mini, to yanzu tana gidan mijinta. Saboda haka a bakin shagon na damƙa wa Injiniya kuɗin keke, na ce ya sa a aljihun ciki, ya kulle bakinsa, kada ya motsa sai na ce.

Ya ce, "Kamar a banki."

Shagon cike yake da talabijin tun daga ƙasa har sama, duk mutum ɗaya ne a cikinsu yana karanta labarai, kai ka ce 'yan arba'in aka haifa. Mai shago ya taso yana murza hannu. Kafin in buɗe baki Injiniya ya wuce gaba. Ya ƙwanƙwasa fuskar wata da ɗan yatsa ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana. Ya zaga bayan wata ya shinshina.

"Wannan doki nawa ne ƙarfinta?"

Mai shago ya ce, "Yallaɓai, talabijin ce, ba injin ban ruwa ba."

"Na sani, gwada ka nake yi. Mu da muke cikin harkar ba a yi mana rufa-rufa."

Sai idonsa ya faɗa kan wata ƙatuwa da aka kafa a bakin gilashin shago tana kallon titi. Ita ba mai labarai a cikinta. Kifaye ne, ja da rawaya da shuɗi, suna yawo cikin ruwa garau, kamar ka sa hannu ka kamo. Injiniya ya saki baki.

"Matar Yaya, zo ki ga ikon Allah. Kin ga duk sauran sun kasa kama tashar nan? Ita kaɗai ta jawo ta. Daga ƙarƙashin teku fa take jawowa!"

"Ta jawo daga ƙarƙashin ƙasa ma, ba za ta shiga bangona ba."

Na zaro igiyata na bi layi ina gwadawa, har na sami wata madaidaiciya da ta zauna tsakanin ƙulli da ƙulli, da saura ɗan yatsa biyu kowane gefe. Inci arba'in da uku, in ji mai shago. Na tambayi kuɗi. Ya faɗa. Na dafe ƙirji na tambaye shi ko har da shagon ya haɗa. Na taya rabi. Ya ce albarka. Na ce gefenta ya yi kauri, muryarta kamar mai mura, mai labaran ma ya fi kyau a tsohuwar tawa. Na zazzage jakata a kan tebur. Ya dubi 'yan canjin ya dubi sama.

"Mama, so kike 'ya'yana su kwana da yunwa?"

"Naka sun ci jiya. Ni marainiya ce, ba uba ba miji."

Daga nan sai fita. Fitata uku ce a ciniki, duk kasuwa an sani. Ta farko a bakin ƙofa ake kirana. Aka kira, ya rage kaɗan. Ta biyu sai na taka titi. Aka kira, ya ƙara ragewa, gumi ya fara tsattsafo masa a hanci. Ta uku ita ce mai kashe maciji: in sha kwana in ɓace, in jira har mai shago ya biyo ni da ƙafarsa. Na ja mayafina, na ce Allah ya kawo kasuwa, na fita ban waiwaya ba.

Na sha kwana na laɓe kusa da wani mai gyaran takalma. Na jira. Mai gyaran takalma ya gama ɗinke takalmi ɗaya, ya ɗauki na biyu. Ya ce, "Mama, ɓuya kike yi ko wani kike jira?" Na ce ya kula da allurarsa. Ya gama na biyu. Ba wanda ya biyo ni. Shekara ashirin da bakwai fita ta uku ba ta taɓa cin amanata ba.

Sai na ji ana danna hon. Motar kaya ce ta sha kwanar, Injiniya a tsaye a baya ya rungume ƙatuwar talabijin ɗin nan tsirara, ba ko kwali, yana ɗaga mini hannu ɗaya kamar wanda ya ci zaɓe.

"Matar Yaya! Na ceto cinikin! Kin yi fushi kin tafi, na ce ba za mu koma hannu rabbana ba."

"Ina kuɗina?"

"Sun zama dukiya. Kin san nawa ake sayar da wannan? Ninki biyu! Na murɗe shi har ya bar mini ita daidai abin da ke aljihuna. Wai ta nuni ce, ba kwali, rimot ya ɓata. Na ce kwali za mu kalla? Rimot kuma na ragwaye ne."

"Ka gaya masa nawa ne a aljihunka?"

"Na nuna masa ma, don ya san da manya yake magana."

Na koma shagon kamar guguwa. Mai shago ya ɗaga hannu biyu ya ce shi bai ɓoye komai ba, sau uku ya faɗa wa yallaɓai, kuma ga shi a rubuce a ƙasan rasit. Ni manyan haruffa ina haɗa su a hankali, amma waɗannan ƙananan kamar ƙwan kwarkwata sai da ya karanta mini: kayan nuni, an gani an yarda, ba a mayarwa. Ga sa hannun Injiniya a ƙasa, ya ja masa wutsiya har ta fita daga takarda.

Mai shago ya rage murya ya ce, "Wallahi Mama, saura kaɗan in biyo ki. Har na sa takalmi."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai.

Muka iso gida rana ta take. Matakalarmu tana da kwana a tsakiya, inda ko katifa sai an lanƙwasa ta. Injiniya ya sa Direba ya kama sama, mai motar kaya ya kama ƙasa, shi kuma ya tsaya a gefe yana ba da umarni da biro.

"A karkata ta digiri arba'in! A'a, digiri arba'in na hagu!"

Talabijin ta shiga kwana ta cije. Ba gaba, ba baya. Matar Direba ta dawo daga shago ta tarar an toshe hanya, ga tukunyarta a kan wuta a sama.

"Injiniya, in abincina ya ƙone kai zan zuba wa maigida a faranti!"

"Ki yi haƙuri, lissafi ake yi."

"Lissafin uwar wa? Maigida, saki abin nan ka je ka sauke mini tukunya!"

Direba ya ce in ya saki, mai motar kaya zai zama tabarma. Ƙaurin ƙonewa ya sauko ya same mu a nan. Sai da aka yi rabin sa'a ana nishi kafin ta fito ta inda ta shiga, ta kankare fentin bango tun daga kwana har ƙasa.

Injiniya ya share gumi ya ce dama gwaji ne, ainihin shirin ta baranda ne. Aka naɗe ta da bargona, aka ɗaure da igiyar shanyar Mai Wanki, shi Mai Wankin da Direba suka hau sama suna ja. Titi ya cika. Masu wucewa suka tsaya, masu babur suka kashe inji. Wata tsohuwa ta tambaya ko gawa ce ake fitarwa, aka ce mata shigarwa ake yi. Tana tsakiyar hanya iska ta kaɗa ta, ta yi lilo ta maki allon shagon Mai Aski, allon ya faɗo. Mai Aski ya fito da almakashi, bayansa wani mutum da rabin kai a aske.

Mai Aski ya ɗaga kai ya ce mini, "Mai Roba, wannan talabijin ce ko ƙofar gareji?"

"Tambayi Injiniya, shi ya auna."

"Allah ya sa ta fi tawa tsawon rai. Tawa a kan ƙwallo aka fasa ta da kujera. Tun ranar na rantse ba ƙwallo ba labarai a shagona, mutum yana ƙarƙashin reza yana tsalle."

Da ƙyar da jiɓin goshi ta shiga falo. Aka kwance bargo aka ɗaga ta tsakanin taga da ƙofa. Ta rufe rabin taga, ta ci bakin ƙofa, har wanda ke waje ba ya iya shigowa sai a kaikaice. Injiniya ya dubi tafin hannunsa, ya dubi bango, ya sake duban tafin hannunsa.

"Bangon nan ya tsuke."

Matar Direba ta leƙo ta ce, "Tun safe zuwa yanzu?"

"Zafin rana ne. Siminti yana da wannan halin, ba kowa ya sani ba."

Ya ce ba komai, babban abu babban bango yake so, a kai ta wancan gefen. Na ce wancan bangon siriri ne kamar faifai, in Mai Wanki ya yi atishawa ni nake ce masa sannu. Ya ce shi da bango ba a yi musu tsakani. Ya aro injin huda bango, ya ɗaura masa bakin da ya kai tsawon hannuna, ya jingina da dukan ƙarfinsa. Rami ɗaya, rami biyu, rami uku. A na huɗu injin ya yi wani gurnani, ya fara jawo farin ƙyalle daga cikin bango yana naɗewa.

Injiniya ya ce, "Kun gani? Magina sun cusa tsumma a ginin. Ha'inci!"

Sai ga Mai Wanki ya shigo a kaikaice. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yana riƙe da farar riga mai hannu ɗaya.

"Injiniya, ina ɗaya hannun?"

"Hannun me?"

"Rigar likita ce. Na wanke, na goge, na rataye. Ina tsaye ina kallo hannunta ya shige bango kamar maciji. Na ɗauka aljanu ne, har na fara addu'a. Gobe da safe zai aiko a karɓa."

"Ai likita hannu ɗaya yake allura da shi."

Mai Wanki ya ajiye rigar a kan kujera mai hannu ɗaya, ya ce sun dace da juna, ya nemi wuri ya zauna. Ya ce ba zai tafi ba sai ya ga abin da aka yi wa rigar likita kisan gilla dominsa.

Ƙarfe huɗu saura kwata talabijin ta hau bango, ta ɗan karkace kamar mai ciwon wuya. Falona ya cika maƙil. Bayan waɗanda aka gayyata, har da na titi da suka ga hawanta suka ce sai sun ga ƙarshe. Mai Aski ya rufe shago ya hau. Injiniya ya sa aka yi shiru, ya yi jawabi a kan bambancin mai ilimi da mai igiya, ya ce daga yau duk abin da za a saya a gidan nan sai ya bi ta hannunsa. Sannan ya laluba ƙasanta ya danna.

Kifaye suka fito.

Gaskiya jama'a sun yi salati. Ja, rawaya, shuɗi, wani mai gashin baki kamar tsohon soja. Injiniya ya harɗe a kujerarsa yana karɓar gaisuwa. Minti biyar ana kallon kifi. Minti goma. Mai gashin bakin ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa.

Direba ya ce, "To, an gaisa da kifi. A sa ƙwallo, an kusa take wasa."

Injiniya ya tashi ya danna ɗan maɓallin da ke ƙasa. Ta mutu. Ya sake dannawa. Kifi. Ya danna sau biyu da sauri. Kifi. Ya danna ya riƙe yana ƙirga goma da ƙarfi. Wani rubutu ya fito a gefe yana yabon talabijin ɗin, ya ɓace, kifi suka ci gaba da harkarsu.

"Tana ɗumama ne," in ji shi.

Aka kawo rimot ɗin Direba, bai yi ba. Aka kawo na gidan ƙasa, bai yi ba. Wani ya kawo na fanka. Injiniya ya zare wayar eriya ya mayar, ya hura ramin, ya sa Direba ya fita baranda ya ɗaga eriya sama, ya juya gabas, ya juya yamma. Daga can wani gida muka ji ihu ya tashi, an ci ƙwallo. Mutum talatin a falona suka juya suka dubi mai gashin baki yana wucewa karo na ashirin.

Matar Direba ta ce, "Wa ya ci? Ja ko rawaya?"

Mai Wanki ya ce, "Ni dai shuɗin nake goyon baya, ya fi natsuwa."

Wani daga baya ya ce a tambayi Injiniya ko akwai tashar kaji. Mai Aski ya karɓi rasit ya karanta a fili, ya ce ta nuni ce, an kulle ta a kan hoton talla, sai da rimot ɗinta ake buɗewa, rimot ɗin da aka ce na ragwaye ne.

Borin kunya ya kama Injiniya. Ya miƙe ya ce laifin bango ne, laifin magina ne, laifin mai shago ne, kuma asalin laifin na mace ne da ta tafi ta bar ciniki a tsakiya. Shi lissafinsa daidai yake, ga tef nan shaida, lamba ba ta ƙarya.

Nan ne na tashi. Tun safe nake haɗiye wannan.

"Kawo tef ɗin. Tsaya a jikin bango, ka cire takalmi. Mai Aski, kai ka iya karatu, zo ka auna mana tsayin Injiniya."

Shi fa Injiniya gajere ne, in muna tafiya tare kafaɗata yake yi wa magana. Direba ya taka bakin tef a ƙasa, Mai Aski ya ja har bisa kansa, ya duba, ya goge ido ya sake dubawa.

"Inci saba'in da takwas. Ƙafa shida da rabi!"

Falo ya fashe. Matar Direba ta faɗi a kan Direba tana riƙe ciki. Mai Wanki, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya yi dariya har da tari. Aka ce ashe ƙato muke zaune da shi ba mu sani ba, a dinga sunkuyawa in za a shiga ƙofa, Injiniya. Na karɓi tef na nuna musu ɗinkin marigayi, inda ashirin ta yi tsalle ta faɗa talatin da shida. Na zaro igiyata na shimfiɗa tsakanin taga da ƙofa, ƙulli a nan, ƙulli a can, daram.

Dariya ba ta dawo da keke ba, na sani. Amma tun ɗazu idona yana kan Mai Aski. Duk hayaniyar nan da ake yi, da ya sami sarari sai ya koma kallon kifin, bakinsa a ɗan buɗe. Kuma na lura, maza talatin sun zauna sa'a guda a ɗaki ɗaya ranar ƙwallo, ba wanda ya zagi uban wani.

Na ce da ƙarfi, "Direba, gobe ka taimake ni da mota. Akwai mai ɗakin cire haƙori da ke neman abin da zai kwantar wa mutane da hankali."

Mai Aski ya yi firgigit. "Mai Roba, sayarwa za ki yi?"

"Ba irin taka ba ce. Wannan ba ƙwallo, ba labarai, ba gardama. Mutum ya zauna shiru kamar an yi masa allura. Irinta ɗaya ce a garin nan, tambayi Injiniya, sauran na shagon duk sun kasa kama tashar."

Ya taya. Na ce albarka. Ya ce ba kwali. Na ce kwali za ka kalla? Ya ce ba rimot. Na ce shi ya sa ba mai canza maka ita in ka juya baya, don wannan ma ya kamata in ƙara kuɗi. Ya ƙara. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, fita ta ɗaya. Ya kira. Na shiga kicin, fita ta biyu. Ya kira. A ta uku na sauka matakala na sha kwana, ban kai ƙasa ba na ji takunsa a bayana, takalmi ɗaya a ƙafa. Kuɗin keke suka dawo cif, da ɗan abin da ya hau kai, kuma saukarwa a wuyansa.

Ranar Litinin na koma wurin mai shago ni kaɗai, kuɗina a hannun Matar Direba a tsallaken titi. Da ya hango ni sai ya fara sa takalmi tun kafin in zauna. Mai arba'in da uku tana nan yanzu tsakanin taga da ƙofa, inda keken yake a da, da kwalinta da rimot ɗinta.

Injiniya ya toshe ramuka huɗu da hannunsa, ya yi wa Mai Wanki guga na sati biyu saboda rigar likita, har sai da Mai Wanki ya roƙe shi ya daina don ya ƙona wando uku. Kujerarsa kuwa ba ta bi matakala ba. Da igiyar shanya na zura ta ta baranda, titi yana tafi. Na naɗe tef ɗin na jefa masa a kai.

"Ga gadonka na kayan yayanka. Ka daɗe kana nema."

Yanzu a shagon Mai Aski kujerar take, gaban kifaye, inda Injiniya yake yi wa masu jiran layi bayanin yadda ake jawo hoto daga ƙarƙashin teku. Kuma in ka tambaye shi tsayinsa, ƙafa shida da rabi zai ce maka. Wai a gaban shaidu talatin aka auna.